Burin da Muka Liƙa a Bango

Ƙarar makullai nake fara ji duk lokacin da na tuna wannan rana. Gandirobar da ke raka ni ɓangaren mata tana da zoben ƙarfe a ƙugunta, makullai jingim a jikinsa, in tana tafiya suna ta cas-cas kamar ƙafar mai rawa. Ta buɗe ƙofa ta farko, ta biyu, ta uku, sai ƙamshin waken da ake dafawa ya tarye mu, haɗe da warin maganin wanke ƙasa. Ni kuwa ina rungume da fararen takardu da alƙaluma masu launi da kwalbar gam, raina fes, domin ranar zan koyar da darasin da na fi so.

Shekarar ina bautar ƙasa a Minna, ina zaune a gidan gwaggona a Tudun Wada. Wata ƙungiya ce ta ɗauke ni in riƙa zuwa gidan gyaran hali duk Talata da Alhamis, ina koya wa mata tara da suka kusa fita yadda ake kafa sana'a. Ban taɓa sayar da ko allura ba. Adabi na karanta a jami'a, kuma a lokacin babu abin da ke cikin kaina sai waƙa. An ba ni horon kwana uku da wani littafi mai kauri, aka ce in je.

Tsarin ba shi da wuya. Kowace mace za ta zaɓi sana'a ɗaya, a rubuta, a aika wa ƙungiya. Bayan wata uku za ta tsaya gaban kwamiti ta nuna ta iya. Wadda ta ci, ranar fitarta za a miƙa mata kayan aikin sana'ar da ta zaɓa. Wadda ta faɗi, takardar shaida kawai za ta riƙe ta fita.

Wadda ta fi kowa shekaru a ajin muna ce mata Inna. Daga wani ƙauye kusa da Kagara ta fito, gyaɗa take nomawa. Gandirobar ce ta ba ni labarinta a hanya: awakin maƙwabcinta suka cinye gyaɗar da ta shanya ta shekara guda, ya zo yana dariya, ita kuma taɓarya na hannunta. Ya warke tuni, in ji gandirobar, amma ya daina dariya a ƙofar mutane. Gonar da Inna take nomawa ta aro ce, an ba wani. Ranar da za ta fita, in ba kayan nan ba, zani biyu ne dukiyarta a duniya.

Sai kuma Madam, tela daga Sabon Gari, mace mai murya kamar ƙararrawar coci. Ana saura kwana biyu Kirsimeti wata da ta kawo mata ɗinki ta zage ta a gaban shago, Madam ta jefe ta da dutsen guga, keken ɗinkinta ma ya tafi a hidimar shari'a. Hausarta ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinta. Ni ma tun ranar farko “Malama, kai” na zama.

Littafina ya ce buri ba ya zama gaskiya sai an rubuta shi, an faɗe shi da ƙarfi, an liƙa shi inda ido zai riƙa gani. Na yarda da maganar har zuciyata. Don in ba su misali sai na fara da kaina. Na rubuta da jan alƙalami cewa kafin shekara ta zagayo zan buga littafin waƙoƙina, na karanta musu a tsaye, na shafa gam, na liƙa a tsakiyar bango. Na juyo ina jiran murmushi.

Babu wadda ta motsa. Inna tana kallona irin kallon da ake yi wa jariri mai rarrafe a bakin rijiya. Can ta gyara zama, ta tambaye ni wa da wa za su karanta takardun. Na ce kowa da kowa, ai amfanin abin ke nan. Ta ce har baƙi masu zuwa ziyara? Na ce har su. Har matar da ke kawo itace? Na ce in ta iya karatu, har ita. Inna ta dubi Madam, Madam ta dubi rufin ɗaki. Sai Inna ta ce abin yana da kyau ƙwarai, amma a ba su zuwa Alhamis su yi tunani.

Da na koma gida na ba gwaggona labari tana tsince shinkafa. Ta ɗago kai ta ce in maimaita, da hannuna na rubuta abin da nake son yi na liƙa a bango? Na ce ƙwarai. Ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, bakin mutane kuma ya fi gatari kaifi, abin da bai nuna ba ba a nuna shi. Na yi mata bayani cikin ladabi cewa wannan tsohon tunani ne, yanzu an yi bincike. Ta ce Allah ya taimaki bincike, ta ci gaba da tsintar tsakuwarta.

Ranar Alhamis na same su a shirye, har da fara'a. Inna ce ta fara miƙewa. Ta ce ita gyaɗa ta ishe ta, gyaɗa ce ta kawo ta nan, keken ɗinki take so. Madam ta ce ita ko a mafarki ba ta son ganin zare, injin markaɗa gyaɗa za a ba ta, ta riƙa matse mai tana soya ƙuli-ƙuli. Wata da ke yi wa kowa kitso a gidan ta ce awara za ta soya. Mai awarar da, wadda ko kan 'yar tsana ba ta iya tsagawa, ta ce kitso. Haka har tara. Na rubuta wa waɗanda ba su iya rubutu ba, muka liƙa, bango ya yi kyau kamar lambu. A cikin Keke Napep ina komawa gida na rubuta a littafina: mata tara, kowace ta juya wa jiyanta baya. Sai da idona ya ciko. Washegari na kai takardar zaɓin kowace ofishin ƙungiya.

Mako biyu muka yi muna darasin baki, yadda ake tarbar mai saye da yadda ake zaɓen wurin zama. A nan su suke koya mini, ina rubutawa a ɓoye. A mako na uku aka buɗe mana ɗakin sana'a, inda akwai wani tsohon keken ɗinki na takawa. Na ce wa Inna bismillah. Ta zagaya shi sau ɗaya, ta jawo kujera, ta zauna a bayansa, ta inda yadi ke fitowa.

Madam ta rufe fuska da hannu biyu.

Aka juyo da Inna gaba. Ta ɗora ƙafa ta taka, keken ya yi baya, zare ya dunƙule a ƙarƙashi kamar sheƙar tsuntsu. Ta sake takawa, allura ta ce ƙas. Inna ta dubi keken da kyau, ta ce wannan ba shi da bambanci da jakin mijinta marigayi, in ka ce gabas sai ya yi yamma. A ranar na fahimci abin da ke gabanmu. Saura mako tara ta tsaya gaban kwamiti, kuma ko zare ba ta iya zurawa ba.

Madam ta ce in bar mata shi, wato Inna, za ta koya masa. Ta karɓi keken, ta zuba masa mai, ta shafa wuyansa a hankali, ta taka sau biyu ya yi ta gudu yana waƙa. Na tsaya ina kallon hannunta, na ce a raina bankwana take yi da tsohuwar rayuwarta. Har na sami baiti biyu a kai.

Koyarwar kuwa ba ta da waƙa. Madam ta ce ƙafar Inna ta saba da dakan turmi, shi ya sa take taka keke kamar tana bin sa da gaba. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa jifan kowa da kayan aikinta ba. Madam ta ce to taɓarya kayan kwalliya ce? Sauran matan suna ta dariya, gandirobar tana bakin ƙofa tana yi kamar ba ta ji. Allura kuwa sai da mai shagon bakin titi ya tambaye ni ko miya nake yi da su.

Ɓangaren Madam ma ba a cewa komai. Tunda babu inji a gidan, sai na riƙa kawo soyayyar gyaɗa a daka a turmi, ta koyi juya ƙullin har mai ya fito. Tana juyawa tana kau da kai, wai ƙaurin yana hawa mata ka. Inna tana zaune a kan keke, amma wuyanta yana wajen turmi. Ba ta iya haƙuri. Sai ka ji ta ce ruwan ya yi yawa, ko a juya ta hannun dama, ko a dakata ƙullin ya huta. Wata rana na sayo ƙuli-ƙuli a hanya na raba musu. Inna ta gutsura, ta tauna sau biyu, ta ce an ƙona gyaɗar wajen suya, kuma mai yin ta yi rowar matsa, ta bar mai a ciki.

A nan wata dabara ta faɗo mini, na ji kamar an kunna fitila a kaina. Na miƙe tsaye na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji:

“Inna, ai abin da sauƙi. Ku yi musaya mana. Ke ki karɓi injin, Madam ta karɓi keke.”

Ban san Inna tana da sauri haka ba. Kafin in rufe baki tafin hannunta yana kansa, yana ƙamshin man keke. Ta waiga ƙofa, ta waiga taga. Madam ta ɗauki waƙar coci da iyakar muryarta, tana buga turmi da muciya.

“Tofar da yawu, 'yata,” in ji Inna a kunnena. “Ni tela ce. Ko gaban wa aka kai ni, tela ce ni.”

Na tofar, don ban ga wata hanyar da za ta sake ni ba. Duk da haka da na fita na kira matar ƙungiya na tambaya ko ana iya canja takarda. Ta ce an riga an ba da odar kaya, abin da aka rubuta shi ne. Na tsaya a bakin titi, jirgin ƙasa yana kuka daga nesa, ina jin tausayin tsohuwar da ta ƙi abin da ta iya saboda ta ɗauki alkawari da sabuwar rayuwa. Haka na fassara abin.

Sai na rage buri. Na daina maganar riga da zani, na ce layi ɗaya miƙaƙƙe nake nema. Da aka samu, bayan mako huɗu, na ce rigar matashin kai za ta ɗinka a gaban kwamiti, domin layi uku ne kawai: gefe, ƙasa, gefe, a tsaya. Muka yi ta maimaitawa kamar karatun allo. Gefe, ƙasa, gefe, a tsaya. Matsalar Inna tada keken ce. In ya tashi kuwa ba ta son abin da zai tsayar da shi, don ba ta da tabbacin zai sake yarda.

Ranar gwaji da ruwa aka tashi, gari ya yi sanyi, kowa ya lulluɓa. Mutum uku ne a kan tebur: shugaban gidan, da matar ƙungiya mai tabarau, da wani Alhaji mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, wanda aka gayyato don ya san ciniki.

Madam aka fara kira. Ta yi bayanin suya da murza da markaɗe tiryan-tiryan, kamar mai karanta wasiƙar wani. Alhaji ya ce mahaifiyarsa ta yi wannan sana'a, don haka tambaya ɗaya zai yi: in ana juya ƙulli don mai ya fito, ruwan zafi ake yayyafawa ko na sanyi?  Sau goma Madam ta yi abin da hannunta, amma kullum Inna ce ke miƙo mata kofin, ita kuma kanta na kallon bango. A bayan ɗaki sai na ga Inna ta kama gefen mayafinta tana fifita da ƙarfi, tana share goshi, a wannan sanyin. Na ce zazzaɓi ya kama ta a ranar da bai kamata ba. Na lallaɓa na kai mata ruwa. Ina can na ji Madam ta ce na zafi, Alhaji ya gyaɗa kai.

Da aka kira Inna zazzaɓin ya tafi. Ta zauna ta gaban keken, na gode wa Allah. Ta yi bismillah, ta taka, ya yi gaba. Gefe. Ta juya yadi. Ƙasa. Ta juya. Gefe. Na ɗaga hannu ina mata alamar tsayawa, amma Inna ta sami keken a ranar da yake da kirki, ba ta ga dalilin ɓata masa rai ba. Ta juya yadi karo na uku, ta bi layi na huɗu har ƙarshe, ta yanke zare da haƙori, ta miƙa wa kwamiti da hannu biyu.

Alhaji ya karɓa. Ya juya shi, ya sake juyawa, yana neman ƙofa. Matar ƙungiya ta cire tabarau. Ni kuwa ina kallon zani biyun nan a raina, da takardar shaida a hannun tsohuwa a bakin titi.

“Inna,” in ji Alhaji, “ta ina matashin zai shiga?”

“Alhaji, ka zo da matashin ne?”

Ya ce bai zo da shi ba.

“To in ka kawo shi na ga girmansa, sai in buɗe daidai da shi. In na buɗe yanzu, ƙura ce za ta shiga kafin ka kai gida.”

Shugaban gidan ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Alhaji bai yi dariya ba. Ya tambaye ta nawa za ta sayar masa. Ta ce ya taya. Ya taya, ta ce albarka. Ya ce abin da ba shi da baki? Ta ce shi ya sa ba zai taɓa yagewa ta baki ba, ya duba layin, ya ja ya gani. Ya ja, bai ɓalle ba. Ya ƙara, ta ce albarka, ta tambayi lafiyar iyalinsa, ta ce daga ganin hularsa ba mai tsayawa ja-in-ja da tsohuwa ba ne. Ban san yadda aka yi ba, sai na ga Alhaji yana laluben aljihu. Ta ce ta sallama. Ta duƙa ta tsinci ƙyallen da ya rage a ƙasa, ta karkaɗe, ta ɗora masa a kai, wai gyara ce, ya riƙa goge tabarau. Alhaji ba ya sa tabarau.

Matar ƙungiya ta fara cewa a ƙa'ida ɗinkin bai cika ba. Alhaji ya ce mata ɗinki ana koyonsa a wata shida, amma abin da tsohuwar nan ta yi masa yanzu, shi da ya tsufa a kasuwa bai gama koya ba. Aka rubuta ta ci.

Kayan sun iso ana saura mako guda in gama bautar ƙasa. Na sami keken Inna a ofis, sabo fil, na buɗe 'yar durowar da ake ajiye zare, na liƙa wata 'yar takarda a ciki da baiti biyu a kan allura da haƙuri. Na bar Minna kafin su fita. Shekaru bayan nan, duk lokacin da na sa matashi a rigarsa sai in tuna Inna, in ga ta a kasuwar Kagara gaban tulin rigunan da ba su da ƙofa. Nakan ji nauyi a zuciyata, don ni na taya ta samun abin da ba zai ciyar da ita ba.

Bayan shekara huɗu na koma Minna bikin 'yar gwaggona. Telan da aka ba ankon ya cika alkawari irin na teloli, sai aka kwatanta mini wata a Sabon Gari, aka ce tana da faɗa amma hannunta ba ya kuskure. Tun daga bakin layi na gane muryar. Ta rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa, ta ce Malama, kai ne ka yi ƙiba haka? Tana auna ni ta ce in miƙo mata alli a durowar keke. Na jawo durowar, na ga rubutuna.

Na daɗe ina kallonsa. Madam ta zare abin awo daga wuyana, ta zaunar da ni a benci, ta ba ni labari tana dariya har da hawaye.

Ashe kafin awakin nan, Inna ta taɓa faɗa a gidan suna, a gaban mata, cewa gyaɗar bana inji za ta saya mata. Ba a yi mako ba awaki suka shigo. Tun daga nan ta rantse ba za ta ƙara furta abin da take so ba. Da na zo da gam da takarduna, ta tara su a ranar Laraba, ta ce yarinyar nan tana da kirki, kada a ba ta kunya, amma kada kowa ya liƙa nasa. Kowace ta ɗauki burin 'yar'uwarta ta faɗa, in baki ya zo nema ya tarar ba mai shi ba ne a gidan. Madam ta riga Inna fita da mako uku, ta ajiye injin a ɗakin ƙaninta ko leda ba ta cire ba. Ranar da Inna ta fito suka haɗu a ƙarƙashin mangwaron bayan katanga, aka sauke keke, aka ɗora inji. Mai kitso da mai awara ma haka. Gandirobar ce ta nemo musu mai mota. Inna tana Kagara, in ji Madam, ranar kasuwa sai an yi layi a kan manta, har kwalba take aiko mata duk Kirsimeti.

Na ce to ni kaɗai ce ban sani ba? Ta ce ni da Alhaji. Sannan ta tambaye ni littafin waƙoƙin fa, ya fito?

Na ce tukuna.

Ta girgiza kai, ta ce Inna ta faɗa. Ta ce a taron Larabar nan maganata ce ta fi ɗaukar lokaci, don Inna ta dage sai an sami wadda za ta karɓi nawa burin ta ce nata ne, ko a rage mini nauyin idon mutane. An bi su tara ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta yarda, domin an rasa wadda ta san inda ake sayar da waƙa, balle abin da za ta ce in kwamiti ya tambaye ta ko da ruwan zafi ake yinta.